Ranar da Gyare Ya Yi Kuka a Falon Hajiya

Kwana tara ƙanwata ta yi tana kallon jikarta daga bakin ƙofa. Takan zo bayan la'asar, ta cire takalmi, ta tsaya daidai inda tabarmar goge ƙafa ta ƙare, ta miƙa wuya kamar mai leƙen rijiya. Daga can cikin falo a ɗaga mata jaririyar, a juyo mata da fuskarta, ta ce tubarkalla, ta mayar da takalmanta ta tafi. Ko da ɗan yatsa ba ta taɓa ta ba. Uwar mijin 'yarta, wadda kowa ke kira Hajiya, ita ta kafa dokar, kuma dokar gajera ce: mai aiki da tururin nukiliya ba za ta ɗauki jinjira ba, sai ranar da ta ajiye aikin.

Ni ne yayanta, marubucin waƙoƙi. Na san ta tun tana rarrafe, kuma ban taɓa ganin ta ajiye abin da ta ɗauka don wani ya ce ta ajiye ba.

Auta muke ce mata a gida, har yau da furfura ta cika mata goshi. Mahaifinmu mai gyaran agogo ne. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, bangonsa cike da agogo, kowanne na faɗin nasa lokacin, kamar taron dangi da ba su shirya ba. Mu maza uku duk mun tsere wa shagon. Auta ce ta zauna. Ita ke miƙa masa hantsaki, ita ke nemo masa ƙusa mai girman ƙwayar yashi idan ta faɗi ƙasa. A nan ta ɗauki halinsa. Baba idan ka ce masa za ka zo wajen ƙarfe biyu, sai ya ɗago kai da gilashi maƙale a ido ɗaya, ya tambaye ka, wajen ina?

A jami'a ta karanta kimiyyar harhaɗa sinadarai. Shekarar da ta gama aka buɗe wani sabon sashe a asibitin koyarwa, inda ake ɗaukar hoton cikin jiki ta wata hanya dabam. Ana haɗa magani mai fitar da haske da ido ba ya gani, a yi wa majiyyaci allurarsa. Maganin ya bi jini, ya je ya zauna inda cuta ta ɓuya, sai injin hoto ya hango hasken daga waje. Ana neman wanda zai koyi haɗa maganin. Ajinsu mutum arba'in ne, kowa ya sunkuyar da kai kamar ana neman mai laifi. Auta ta ɗaga hannu.

Ɗakin aikinta a ƙarƙashin ƙasa yake. Ɗakin zafi suke ce masa, alhali babu ɗaki mai sanyinsa a duk asibitin. Sau ɗaya na shiga, da riga aro da takalmin roba. Tubalan dalma jere a kan tebur, gilashi mai kauri launin zuma, a bayansa kwalabe ƙanana kamar na turare. A kusurwa akwai wata tukunyar dalma mai nauyin mutum, wadda jirgi ke kawowa duk mako. Saniya suke kiranta, domin kowace safiya ƙarfe shida sai an tatse ta, a sami ruwan da ake haɗa maganin da shi. Sai wani ɗan inji mai hannu da ke rataye a bakin ƙofa, wanda ke sansano hasken. Idan wuri tsab yake, sai ya riƙa cewa ƙis, ya yi shiru, ya sake cewa ƙis. Idan ya ji haske sai ya ɓarke da kuka. Saboda kukan nan suke ce masa gyare. Ba mai fita daga ɗakin sai ya nuna wa gyare hannuwansa da tafin ƙafarsa.

A bangon ɗakin akwai wata 'yar taga. Ta nan Auta ke miƙa allura cikin kubenta na dalma, nas ta karɓa daga ɗaya gefen. Ba ta ganin fuskar majiyyaci, ba ta sanin sunansa. Lamba take gani, da nauyin jiki, da lokacin da za a yi allurar.

Lokacin nan shi ne komai. Maganin yana fara mutuwa tun daga sa'ar da aka tatse shi. Duk bayan awa shida rabin ƙarfinsa ya tafi. Da aka ba ta ɗalibai ta koyar, da nas-nas da za ta yi wa bayani, sai ta nemi kalmar da za ta kira wannan awa shida da ita, ta ce rabin rai. Wani farfesa ya tare ta a matakala, ya ce wannan ai kalmar samari da 'yan mata ce, ba ta dace da ɗakin karatu ba. Ta ce masa to a nemo mata wata, za ta jira. Shekara ashirin ke nan tana jira.

Mijinta, Allah ya jiƙansa, malamin lissafi ne, mutum mai raha. Yakan tsaya mata a ƙofar kicin ya ce, "Rabin raina, ashe awa shida kawai za ki yi mini?"

Ita kuma ta ce, "Kai ne malamin lissafi, yi da kanka. Bayan shida saura rabi, bayan sha biyu rabin rabi. Gaya mini ranar da zai ƙare ƙaf."

Shekararsa sha ɗaya da rasuwa. Ta ce har yanzu da saura.

Binciken da ta ba rayuwarta ba mai ƙyalli ba ne. Ta lura cewa idan kaya sun daɗe a hanya, ko zafi ya buge su, maganin ba ya kama jikinsa yadda ya kamata, sai hoto ya fito da ƙarya, a ce wa mai lafiya yana da cuta, ko a sallami mai cuta. Ta shekara bakwai tana gyara wata hanya ta gwada tsarkin maganin da ɗan tsirin takarda cikin minti biyar. Sau uku mujallar kimiyya tana maido mata da rubutunta. Kwamitin ƙarin girma ya rubuta cewa ita mai haɗa magani ce, ba mai bincike ba. Ta aika musu da takardar gayyata, su zo ɗakin zafi ƙarfe shida na safe su ga bambancin da idonsu. Mutum ɗaya ya zo, shi ma ya tsaya a bakin ƙofa. Tana da shekara arba'in da huɗu ta karɓi digirin digirgir, ta koma washegari ta tatsi saniya kamar ba a yi komai ba.

Tsoron mutane kuwa ta saba da shi. Akwai maƙwabciyar da ke wanke kofi sau uku idan Auta ta sha ruwa da shi. Da ta haifi 'ya ɗaya ba ta ƙara ba, aka ce aikin ne ya ƙone mata mahaifa. Ba ta taɓa ba kowa amsa ba. Tana dai da wani ɗan bajo da take maƙalawa a ƙirji, da zobe na roba a yatsa, waɗanda ake aikawa duk wata a auna hasken da ya taɓa ta. Sakamakon shekara ashirin da bakwai yana cikin wani fayil kore. Ta ɗauka wannan ya isa amsa ga duk mai hankali.

Hajiya kuwa mai hankali ce, shi ya sa abin ya yi wuya. Shugabar makarantar 'yan mata ce da ta yi ritaya, shekara talatin tana magana ana tsit. Tana karatu, tana kallon labarai, ta ga hotunan garuruwan da aka kwashe mutanensu saboda hatsarin nukiliya, abin ya zauna mata a rai. Ɗanta, mijin 'yar Auta, wanda ake kira Injiniya, mutumin kirki ne, amma in uwarsa ta yi tari shi ke neman ruwa. Kuma a gidanta suke zaune. Da aka yi wa 'yar Auta aiki aka ciro jaririya, Auta ta kai wa Hajiya koren fayil ɗin nan. Hajiya ta buɗe shafi biyu ta rufe.

Ta ce, "Dakta, takarda kowa na iya rubutawa. Shekara talatin ina sa hannu a sakamakon yara, na san yadda ake yi. Ki bar aikin, ki zo ki ɗauki jikarki. Ban hana ki ba."

Rana ta goma Alhamis ce. Auta ta biyo ta gidana da wata jaka baƙa a kafaɗa.

Ta ce, "Yaya, tashi ka raka ni. Shaida nake so."

Na ce, "Shaidar me? Me ke cikin jakar?"

"Gyare. Na sa hannu na aro shi."

"Auta, gidan surukai za ki da injin asibiti?"

"Takarda ce ba ta yarda da ita ba. To ga mai baki. Ka sa hularka, kana ɓata mini lokaci."

A hanya na yi ƙoƙarin lallashinta. Na ce saura shekara nawa ne ki yi ritaya, ki nemi hutu mana, ki ce kin bari, idan yarinya ta yi wayo ki koma. Ta dube ni kallon da Baba ke yi wa agogon jabu.

Ta ce, "In ce na bari alhali ban bari ba? Sannan yarinyar nan ta girma a gaya mata kakarta guba ce, sai da aka wanke ta kafin ta taɓa ta? Ba zan ajiye aikina ba, kuma yau zan ɗauki jikata. Duka biyun, Yaya."

Mun tarar da falon kamar kullum. Mai jego a doguwar kujera, an tare ta da matasai saboda ɗinki, jaririya na barci a gefenta. Injiniya na zaune a hannun kujerar. Yayarsa, wadda suke kira Anti, tana ninke kayan jarirai. Abu ɗaya ne ya sauya, ni ma sai daga baya na tuna da shi. Hajiya ba ta kan kujerarta ta kusa da jaririya. Tana can nesa, jikin taga, da babbar gorar ruwa a gefenta, mayafi ya rufe mata hannun hagu har yatsu. Ta ce mura ke son kama ta.

Aka gaisa. Auta ta tsaya a inda ta saba tsayawa, ta buɗe jaka.

Ta ce, "Hajiya, ba faɗa na zo yi ba. Wannan injin shi ke tsare mu a wurin aiki. Idan akwai ko ɗigon abin da kike tsoro a jikina, zai yi kuka kowa ya ji. Idan ya yi kuka, na yi miki alkawari ba zan sake taka gidan nan ba."

Mai jego ta ce, "Mama, don Allah..."

"Yi shiru, ɗinkinki."

Ta kunna shi. Ƙis. Shiru. Ƙis. Ta ɗora shi a tafin hannun dama, ta juya bayan hannun, ta bi yatsu ɗaya bayan ɗaya har ƙarƙashin farce. Ta koma hagu. Ta bi wuyanta, ta bi ƙirjinta inda jariri ke kwantar da kai, ta ɗaga ɗankwali ta bi gashinta, ta ɗaga ƙafa ta nuna masa tafinta kamar yarinyar da ake duba wa ƙaya. Mace mai shekara hamsin da uku, mai digiri uku, tsaye da ƙafa ɗaya a ƙofar surukanta. Ban taɓa ganin ta da tsayi kamar ranar ba. Gyare dai bai sauya murya ba. Ƙis. Shiru. Ƙis.

Anti ta ce, "To wa ya sani ko haka yake yi wa kowa?"

Injiniya, da yake mutumin inji ne, idonsa ya riga ya yi haske. Ya ce, "Mama, ba ni in gani." Ya karɓa, ya kai shi jikin talabijin, shiru. Ya kai jikin wayarsa, shiru. Ya kai shi kan hulata, ya ce bari a ga ko waƙoƙin Kawu na fitar da tururi, aka yi dariya, har mai jego ta dafe ciki tana cewa ya bari. Sai ya juya, yana wasa, ya nufi taga.

"Saura Hajiya. Hajiya, miƙo hannu a wanke ki."

Bai kai gare ta ba. Da sauran taku uku gyare ya fara sauri, ƙis-ƙis-ƙis. Ya ƙara taku ɗaya, injin ya ɓarke da wani kuka mai tsini, ba tsayawa, kamar an taka wutsiyar wani abu. Jaririya ta firgita. Injiniya ya daskare da hannu a miƙe. Na ga fuskar Hajiya ta yi fari fat, hannunta na dama ya kai kan mayafin da ya rufe na hagu.

Auta ma ta gani. Ta keta dokar kwana tara, ta ratsa falon da sauri, ta fizge injin ta kashe.

Ta ce, "Batir ne. Idan ya yi sanyi haka yake yi."

Na san ƙanwata. Ba ta fita da inji ba ta gwada shi sau biyu ba. Amma muryarta ba ta yi rawa ba.

Anti ta tafa hannu. "Ayyiriri! Ashe shaidar ma mara lafiya ce! Injin da ya ce Hajiyarmu ce mai tururi, shi za mu yarda da shi a kan jinjira? Dakta, a kai shi asibiti, ai kusa yake da ku."

Auta ta mayar da gyare cikin jaka, ta ja zif a hankali. Mai jego ta juya fuska jikin kujera tana hawaye. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na fara laluben takalmina da ido.

Hajiya ta miƙe da ƙyar, tana dafe da ƙugu, ta ɗauki gorarta ta nufi kicin. Auta ta ce bari ita ma ta sha ruwa, ta bi ta, ta turo ƙofa.

Abin da aka yi a kicin ɗin ba daga bakin Auta na ji ba. Har gobe ba ta faɗa ba. Hajiya ce da kanta ta ba ni labari bayan shekara biyu, ta ce in rubuta, kuma in kula da lokutan, kada in yi mata irin ta mawaƙa.

Auta ta jingina da ƙofa ta ce, "Ƙarfe nawa aka yi miki?"

Hajiya ta ce, "Aka yi mini me?"

"Hajiya, ni na tatsi saniya yau. Allura sha ɗaya na miƙa ta taga. Huɗu na mata ne, kuma ɗaya ce mai nauyinki. Lamba ta bakwai, hoton ƙashi. Ƙarfe tara na rubuta. An yi a kan lokaci?"

Hajiya ta daɗe tana kallon famfo. Sannan ta janye mayafin. Ga auduga da filasta a bayan hannunta.

Ta ce, "Tara da minti goma."

"Nas ɗin nan sai na yi mata magana."

"Likita bai ce mini nukiliya ba. Cewa ya yi hoton ƙashi. Sai da na sauka ƙasa na ga alamar nan mai kama da fanka a jikin ƙofa, na gane wurinki ne. Na so in juya. Bayana ya hana ni." Ta ƙara da cewa, "Wata biyu ke nan da aka ga wani ƙullutu a ƙirjina. Yara ba su sani ba. Ana murnar haihuwa, ba zan zuba musu wannan a ciki ba."

"An gaya miki ki nisanci jarirai har gobe?"

"Me kike gani ya zaunar da ni jikin taga kamar baƙuwa a gidana?"

"Kin kyauta. Ki ci gaba da shan ruwa."

Hajiya ta juyo ta dube ta sosai, irin kallon da ta shekara talatin tana yi wa ɗalibai. Ta ce, "Kin samu dama a hannu. Kalma ɗaya za ki faɗa a falon nan, ki gama da ni a gaban 'ya'yana. Me ya hana ki?"

Auta ta ce, "Tun tara da minti goma ke majiyyaciyata ce. Ba na tona nawa. Amma kada ki ɗauka na huce. Kin sa na yi wa gyarena ƙazafi a gaban mutane. Shekara ashirin da bakwai bai taɓa yi mini ƙarya ba, yau na ce masa mai mataccen batir."

"Yaushe abin zai fita daga jikina?"

"Yana fita tun ɗazu. Ƙarfe uku rabinsa ya tafi. Kafin ki kwanta rabin wancan ma ya tafi, ban da wanda ruwa ke wankewa. Gobe war haka ki ɗauke ta, ki goya ta in kin ga dama. Rabin rai muke ce masa."

"Rabin me?"

"Rabin rai."

Hajiya ta ce duk da halin da take ciki sai da dariya ta kusa kuɓuce mata. Ta ce, "Ku a can ƙasa soyayya kuke yi ko aiki?" Sannan ta tambayi abin da ke cin ta. "To ke da kike cikinsa kullum, ya aka yi injin bai yi miki kuka ba?"

"Ni ta bayan dalma nake taɓa shi, da hantsaki, da safar hannu biyu, ina kallon agogo. Ba ya bin mutum gida kamar warin hayaƙi. Ke kuwa a jininki yake. Yau a gidan nan, Hajiya, ke ce ɗakin zafi."

"Zai kashe ni?"

"Maganin? A'a. Shi fitila ne kawai, an shiga da ita an duba, tana mutuwa da kanta. Abin da ta haska, likita ne zai gaya miki."

"Litinin ya ce."

"Kada ki je ke kaɗai."

Daga falo kukan jaririya ya ƙaru, irin kukan nan da ke shiga har cikin haƙori.

Wannan kuma da idona na gani. Tun kukan gyare yarinyar ba ta yi shiru ba. Uwarta ta gwada, ɗinki ya hana ta jijjiga ta. Anti ta gwada, ta ƙi. Injiniya ya karɓe ta yana zagaya falo, gumi na keto masa. Ƙofar kicin na buɗewa ya nufi uwarsa kai tsaye, kamar yadda ya saba yi kwana tara.

"Hajiya, karɓe ta, ke kaɗai take ji."

Ya miƙa ta. Hajiya ta ja da baya har bayanta ya bugi ƙofa, ta mayar da hannuwanta biyu baya. Kowa ya tsaya yana kallo. Yarinya na ta kuka a sararin da ke tsakaninsu, ƙafafunta na harbin iska.

Hajiya ta ce, "Miƙa wa kakarta."

Ya ce, "Ai ke ce..."

"Ɗaya kakar. Kai kurma ne?"

Anti ta miƙe. "Hajiya, injin fa ya lalace, ba mu tabbatar da komai ba."

Hajiya ta juyo da muryar nan tata ta filin makaranta. "Injin nan lafiyarsa ƙalau. Kada in sake jin wani ya ce ya lalace. Ke kuma ki ƙarasa ninke kayan da kika fara."

Ba wanda ya tambaye ta dalili. Ba a saba ba.

Auta ba ta yi rawar jiki ba. Ta koma kicin ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, yadda take yi kowace safiya, ta tsane su sarai. Ta cire agogonta don kada ya karce fata, amma sai da ta duba shi tukuna. Ta ce mini daga baya biyar saura minti takwas ne. Sannan ta tako tsakiyar falo, ba bakin ƙofa ba, ta miƙa hannuwan nan da suka shekara ashirin da bakwai suna ɗaukar abu mai hatsari ba su zubar da ɗigo ba.

Ta kwantar da ita a ƙirji, daidai inda bajo ke zama. Ta ce, "To, ƙawata, ya isa. Kwana goma kina yi mini yanga daga nesa. Ga ni na zo."

Yarinyar ba ta yi shiru nan take ba, kada in yi ƙarya. Ta ƙara minti uku tana faɗin nata. Auta na zagaya falon da ita, ta wajen talabijin, ta wajen ƙofa, ta bayan doguwar kujera, ko'ina ban da wajen taga. Can Hajiya ta koma ta zauna, ta buɗe gorarta, tana sha tana kallonsu.

Da muka tashi tafiya, Hajiya ta kira ta daga inda take. Ta ce, "Dakta, ranar Litinin kina da aiki?"

Auta ta ce, "Kullum ina da aiki, Hajiya. Sai na tatsi saniya. Ƙarfe nawa?"

"Wajen sha ɗaya."

Na ga bakin ƙanwata ya motsa, na san tambayar Baba ce ta taso mata. Ta haɗiye ta. Ta saɓa jakar gyare a kafaɗa, ta ce za ta zo sha ɗaya saura kwata.